A ba yaranmu masu hip hop fili su yi wa kansila tambaya

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaishe ka da duk ma'aikatan sashen Hausa, Allah ya ƙara basira.

Abin da ya sa na rubuto shi ne shirin da kuka yi kan tarbiyyar matasa, inda kusan duk wanda ya bugo waya sai ya ɗora laifin lalacewar yaran Jos a kan waƙar hip hop, wani dattijo ma cewa ya yi a rufe situdiyon da ke cikin anguwanni gaba ɗaya kowa ya huta. Ina ganin girmansa wallahi, kuma na san abin da idonsa ya gani ne ya sa shi faɗin haka, amma abin da ya dame ni shi ne ba a kira ko yaro ɗaya cikin masu waƙar nan an ji ta bakinsa ba, aka yi ta magana a kansu kamar ba a garin suke ba. Ni tela ne, yaran da ke koyon ɗinki a shagona da yawansu suna rubuta baiti a waya, ina jin abin da suke faɗa kullum ko ina so ko ba na so, shi ya sa nake ganin ina da abin cewa.

Da farko dai waƙar da ke faɗa wa jama'a gaskiya ba baƙuwa ba ce a garin nan. Marigayi Ɗan Maraya Jos, haifaffen Bukuru, da ɗan kuntiginsa kawai ya yi wa karen mota waƙa ya yi magana kan auren dole, har ya rasu a 2015 talaka yana jin cewa nasa ne. Bayansa garin nan ne ya fitar da su P-Square da M.I da ƙaninsa Jesse Jagz, Ice Prince ma nan ya tashi, amma dukansu sai da suka tafi Legas kafin duniya ta san su, mu nan aka bar mu da alfaharin cewa ƴan Jos ne. Yaran da ke tasowa yanzu a Angwan Rogo da Gangare da Rikkos da Nasarawa da Hausa suke nasu, suna cakuɗa ta da turancin buroka, kuma in ka natsu ka saurara za ka ji zancen rashin ruwa ne da rashin aiki da abokin da aka kashe ba a san dalili ba.

To ga abin da nake so masu kiran a rufe situdiyo su duba. Yaron da aka haifa lokacin rikicin Satumba 2001 yanzu ya haura shekara ashirin, yana ƙarami aka yi na Nuwamba 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, aka sake na Janairu 2010, ya ga bam ɗin kasuwar Terminus a 2014, ya tashi da dokar hana fita da shingen sojoji, tun kafin ya iya karatu ya haddace anguwannin da ba a shiga. Mu da muka san Jos ta da muna da abokai a Tudun Wada da Kabong da Angwan Rukuba, mun ci abincin Kirsimeti a gidajensu sun ci naman Sallah a namu, su kuwa waɗannan yaran ba su gaji wannan ba, makarantarsu daban kasuwarsu daban har filin ƙwallo daban. Wuri ɗaya da nake ganin suna tsallaka wannan iyakar da ƙafarsu ba wanda ya ba su kuɗin mota shi ne wajen kiɗa. Yaro ya ji labarin akwai furodusa mai hannu a wancan ɓangaren, zai bi ta WhatsApp ya nemo shi, su haɗu su kwana kan waƙa ɗaya, gobe ka ji Musa da Dung a kan kiɗa guda kowa da baitinsa. Na ga wannan a yaran shagona, kuma ban ga wani taron otal da ya yi irin wannan aikin ba.

Ba wai ina raina tarukan zaman lafiya ba ne, hukumar gina zaman lafiya da jihar Filato ta kafa a 2016 da ƙungiyoyi masu zaman kansu suna ƙoƙari, amma yadda ake amfani da mawaƙan ne bai yi min ba. A kira su rana ɗaya, a raba musu riguna masu rubutu, su hau dandamali su ce mu zauna lafiya mu so juna, a ɗauki hoto a watse, shi kenan sai wata shekara. Ɗan siyasa kuma nasa ya fi muni, ba ya tuna su sai kamfen ya zo, ya ba yaro ɗan abin da bai kai kuɗin situdiyo ba ya ce a yi masa waƙa a zagi abokin hamayya, yaron da yake da kaifin da zai iya tambayar ina kuɗin kwatar anguwarmu sai ya koma maroƙi, wani ma daga nan ake zarcewa da shi jagaliya.

Ana ta cewa an ba matasa dama tunda shugaba Buhari ya sa hannu a dokar rage shekarun takara a watan Mayu 2018, shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, kuma gaskiya matasa ne suka yi fafutukar har ta tabbata. Amma a zaɓen 2023 mutum sama da miliyan 93 ke cikin rajista, kusan kashi 40 cikin ɗari ƴan shekara 18 zuwa 34 ne, cikin duk masu rajistar kuwa waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 ba. Ka tambayi yaro a layinmu sunan kansilansa ka gani, bai sani ba, amma zai karanto maka baitin wani mawaƙin Amurka tun daga farko har ƙarshe. Wannan ƙwaƙwalwar ce nake jin takaicin ana barinta haka.

A Senegal a 2011 mawaƙan rap ne da ƴan jarida suka haɗu suka kafa ƙungiyar Y'en a Marre saboda yawan ɗauke wuta da tsadar rayuwa, ba su tsaya kan waƙa kawai ba, suka bi anguwa anguwa suna sa matasa yankar katin zaɓe, a 2012 shugaban ƙasar Abdoulaye Wade da ya nemi wa'adi na uku ya faɗi ta akwatin zaɓe. Abin da ya burge ni a nasu shi ne haɗuwar mai waƙa da ɗan jarida, ɗaya yana da jama'a ɗaya yana da bayani, kuma nan ne ku kuka shigo Malam Edita.

Domin matsalar yaranmu ba rashin zuciya ba ce, rashin sani ne. Yaro zai yi waƙa ya ce gwamnati ta ci amanarmu, wace gwamnatin? Bai san cewa kwashe shara da gyaran kwata da kasuwa da tasha suna cikin aikin da tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma ba, sai ya yi ta jifan Abuja da magana alhali ciyaman yana nan kusa da shi. Bai san kotun ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye ba, balle ya tambaya ina aka kwana. Bai san akwai dokar ƴancin samun bayanai ta 2011 da ta ce in ka rubuta wa ma'aikata kana neman bayani ta amsa cikin kwana 7 ba. Ga abubuwan tambaya nan jibge a garin nan, babbar kasuwar Terminus ta ƙone tun 2002, yaran da aka haifa a shekarar sun yi aure wasu har da ƴaƴa, gwamnati bayan gwamnati ana alƙawari ƴan kasuwa na bakin titi. Ambaliyar 2012 ta ci rayuka a Rikkos da Gangare, har yau in hadari ya haɗo mutanen bakin rafi ba sa barci. A Yulin 2024 ginin makaranta ya rufta wa ɗalibai a Busa Buji mutum 22 suka rasu, wa ya ba da izinin ginin, wa ke duba sauran makarantun da ƙannenmu ke zaune a ciki yanzu haka? In yaro ya san amsar waɗannan ya sa su cikin baiti, wallahi kafin la'asar ta zaga duk wayoyin ƴan keke, abin da takardar ƙorafi ba za ta yi a shekara ba.

Ban ce duk abin da suke yi daidai ne ba. Akwai masu batsa, akwai masu yabon shaye-shaye a garin da muka ga abin da kodin da tiramol suka yi wa ƴaƴan mutane tun kafin a hana kodin ɗin a 2018, akwai waɗanda waƙarsu habaici ce tsakanin ƴan sara-suka, irin wannan ko ni ba na bari a kunna min a shago. Kuma a Jos baiti ɗaya na tunzuri zai iya jawo abin da ba a so, kowa ya san haka. Amma yaron da aka kora daga situdiyo ba gida zai koma ya zauna ba, jungul zai tafi, wato maɓoyar ƴan shaye-shaye, can kuwa ba mai gyara masa magana. Iyayenmu malamai da fastoci in suka ja su a jiki suka ce wannan baitin ka cire wannan ka bari, za su ji, na gwada da nawa yaran kuma suna ji in dai ba da zagi aka fara ba.

Roƙona gare ku shi ne ku ware ko rabin awa ne a mako, ku ɗauki matsala ɗaya ta mazaɓa ɗaya, ɗan jaridarku ya zauna da yara biyu ko uku daga ɓangarori daban daban na gari ya nuna musu abin da kasafin kuɗi ya ce da wanda alhakin ke wuyansa, su je su rubuto waƙa a kai, ku saurara kafin a sa ta, ba zagi ba sunan addini ko ƙabila ba yabon ɗan takara, sannan ku gayyato kansila ko ciyaman ya zauna ya ji ya ba da amsa kai tsaye mutane na bugo waya. In ya ƙi zuwa ku faɗa cewa an gayyace shi bai zo ba. Dan Allah a sa ƴan mata a ciki, akwai masu rubutu sosai da ba za su iya zuwa situdiyo da dare ba amma za su zo gidan rediyo da rana da izinin iyaye. Kuma a biya yaran ko kaɗan ne, tunda za ku samu talla a kan shirin, kar a ce musu ai suna muke yi muku. Bayan wata uku a koma mazaɓar farko a duba ko an taɓa kwatar, in ba a taɓa ba a sake kiran mutumin.

In kun amince ni zan kawo yaran farko daga layinmu, kuma na san wanda zai kawo na Tudun Wada.

Naku mai sauraro,
wani tela daga Angwan Rogo, Jos.