Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ke ƙera ƙafafun haidurolik na tirelolin zango

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Masu Saye,

Bayan gaisuwa, mu makanikai ne masu gyaran tirelolin da ake ja zuwa wuraren shaƙatawa a nan Amurka, masu ɗakin kwana da kicin a ciki. Ƙorafinmu a kan ƙafafun haidurolik ne, wato masu aiki da matsin mai, da kuke ƙerawa don daidaita tirela idan an yada zango. Suna yoyo, kuma kun toshe hanyar gyara su.

Shawarar da dilolinku suka fi bai wa masu tirela ita ce su ƙara man haidurolik a tankin na'urar. Wannan ba gyara ba ne. Famfon da batir mai volt 12 ke juyawa yana tura man da ƙarfin da kan haura psi 2,000 a ma'aunin matsi, don haka ƙaramin tsage ma ya isa ya ƙarar da tankin, famfo ya shaƙi iska, mai ya yi kumfa, ƙafa ta riƙa fita da fizga.

Yawanci daga bakin silinda yoyon ke farawa, inda sanda take shiga da fita. Gishirin da ake zubawa a titi lokacin dusar ƙanƙara yana cin kurom ɗin sandar, tsatsa ta yi ƙananan ramuka, ramukan su yanke robar da ke tare mai. Kun bar sandar ba riga, robar share datti kuma siririya ce. Robobin nan kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma kun yi wa kan silindar walda maimakon ku yi shi mai kwancewa. Dole mutum ya sayi ƙafa sukutum saboda zoben roba ɗaya.

Akwai kuma yoyon ciki, wanda ba ya ɗiga a ƙasa. A kwanta tirela tana daidai, a wayi gari ta karkata. Littafin da kuke bayarwa bai nuna yadda ake gano shi ba, ga shi kuwa da sauƙi. A tokare firam da karagun ƙarfe tukuna, domin ba a shiga ƙarƙashin abin da mai kaɗai ke riƙe da shi. A fitar da ƙafar har ƙarshe, a cire tiyon da ke mayar da ita, a toshe bakinsa, sannan a sake danna maɓallin fitarwa. Idan mai ya ci gaba da kwarara ta ƙofar da aka buɗe, robar fistin ta mutu. Idan shiru, a koma kan bawul: ko datti ya maƙale a ciki, ko an bar sukurun buɗewa da hannu a kwance. Rashin wannan bayani ya sa ana canza ƙafafu masu lafiya a banza.

Tiyo ma kuna da laifi a kansa. Ana barinsa yana gogar gefen firam ba maɗauri. Mahaɗansa irin waɗanda ake kira JIC ne, masu kusurwar digiri 37, ƙarfe ke zama a kan ƙarfe, amma ba ku rubuta iyakar ɗaurinsu ba. Sai mutane su naɗa musu farin tef ko su ɗaure su har baki ya tsage. Babu kuma gargaɗi a jikin na'urar cewa da kwali ake lalubo huda, ba da hannu ba. Man da ke fita da wannan ƙarfi yana huda fata, sai an yi tiyata cikin gaggawa.

Abin da muke nema shi ne ku koma kan silinda mai kwancewa, ku sayar da robobin a ware tare da awonsu, ku sa wa sandar riga. A jikin tankin kuma ku buga irin man da ake zubawa, ko Dexron III ne ko wani, tare da bayanin cewa sai duk ƙafafu sun koma ciki ake duba yawan man, don wanda ya cika tankin alhali suna waje zai ga ambaliya da sun koma. Ƙafafun da aka riga aka sayar masu walda, ku tsawaita garantinsu ya haɗa da kuɗin aiki.

Muna jiran amsarku a rubuce.

Naku,
Wasu makanikan tirelolin zango