Gidajen Renon Yara a Kano: Wa Ke Duba Su, Kuma da Wane Ma'auni?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wata sana'a da ta yawaita a birnin Kano, amma har yau ban ji mahukunta sun ba ta kulawar da ta dace da ita ba, wato renon yara da mata ke yi a cikin gidajensu ana biyan su. Duk wanda ya bi ta Hotoro ko Tarauni ko Rijiyar Zaki da sassafe zai ga ma'aikatan jinya da malaman makaranta da ma'aikatan banki da na Sakatariyar Audu Bako suna sauka daga Adaidaita Sahu, goye da jariri, riƙe da jakar kaya da fulas ɗin kunu, suna miƙa ɗan ga wata mata a bakin ƙofa kafin su wuce wurin aiki. Dokar ƙwadago ta ƙasa hutun haihuwa na mako 12 ta tanada, zaman babban gida da a da ke sa a bar yaro wurin kaka ko gwaggo kuma ya ja baya a cikin birni, saboda haka uwa ba ta da zaɓi illa ta nemi mai reno tun ɗanta bai iya zama ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin 'yar ƙanwata da ke aure a Birmingham ta ƙasar Ingila, wadda ta buɗe irin wannan reno a gidanta, kuma a karon farko da hukuma ta zo duba ta, ta samu matsayi mafi girma da ake bayarwa. Ni tsohuwar shugabar makarantar firamare ce, na daɗe ina tarbar sufetoci, don haka bayan na taya ta murna sai na titsiye ta da tambayoyi a waya har na fahimci yadda abin yake.

A Ingila, duk wadda za ta riƙe yaran da ba su kai shekara 8 ba a gidanta fiye da awa 2 a rana don a biya ta, dole ne ta yi rajista. Hukumar da ke wannan aiki ita ce Ofsted, wadda aka kafa a 1992 domin duba makarantu, aka kuma damƙa mata rajista da binciken masu reno a 2001. Kafin a ba mace izini sai an binciki tarihinta ko ta taɓa aikata laifi, haka ma duk wanda ya kai shekara 16 da ke zaune a gidan, har da mijinta. Sai ta kawo shaidar likita a kan lafiyarta, ta yi horon agajin gaggawa na yara na awa 12 wanda ake sabuntawa duk shekara 3, sannan ta yi inshora. An ƙayyade mata yawan yaran da za ta riƙe ita kaɗai: kada su wuce 6 'yan ƙasa da shekara 8, a cikinsu 3 ne kawai za su kasance ƙanana waɗanda ba su isa shiga makaranta ba, kuma a ƙa'ida jariri ɗaya tak wanda bai cika shekara ba. Tun daga 2008 akwai rubutaccen tsari guda da ya bayyana abin da ake so yaro ya samu daga haihuwa zuwa shekara 5, inda aka fifita abu uku a kan sauran, wato magana da fahimtar harshe, ƙwarin jiki da motsi, da kuma iya zama da mutane. A tsarin binciken da aka yi aiki da shi daga 2019 zuwa ƙarshen 2025, ana zuwa duba sabuwar mai reno cikin wata 30 da yin rajistarta, a ba ta ɗaya daga cikin matakai huɗu, sannan a wallafa rahoton a intanet inda kowane uba ko uwa za su iya karantawa.

Yadda ranar binciken ta kasance shi ne abin da ya fi jan hankalina. An kira ta a waya 'yan kwanaki kafin zuwan, sufetar kuma mace ce, ta zo ta zauna a ƙasa kan darduma da kwamfutarta a cinya, ta shafe kusan rabin yini tana kallo kawai. Akwai lokacin da wani yaro ɗan shekara biyu ke kokawa da takalminsa za su fita tsakar gida, ya sa na dama a ƙafar hagu, ya cire, ya sake gwadawa, ita kuwa 'yar tawa ta durƙusa kusa da shi tana yi masa magana ba tare da ta karɓi takalmin ba. Daga baya sufetar ta tambaye ta dalilin da ya sa ba ta sa masa ba, ta amsa cewa makonni ke nan suna wannan darasi tare da mahaifiyarsa, kuma abin da take so ya iya nan gaba shi ne zuge zif ɗin rigarsa. Da lokacin cin abinci ya yi, sufetar ta lura cewa an tsaga 'ya'yan inabi ta tsawo don kada su shaƙe yaro, kuma mai renon ba ta juya wa yaran baya ba har suka gama ci. Akwai wata yarinya 'yar asalin Fakistan a cikinsu, 'yar tawa ta koyi kalmomin ruwa da barci da bayan gida a harshen Urdu daga wurin uwar, domin ta ba yarinyar damar amfani da harshen gidansu. Bayan haka sai tambayoyi masu nauyi suka biyo baya: me za ta yi idan yaro ya zo da tabon duka a jikinsa, wa za ta kira kuma a wace lamba, me za ta yi idan aka zargi wani ɗan gidanta da taɓa yaro. Sufetar ta kuma saurari iyayen yaran. Takardun da ta nema kaɗan ne, ba ta kuma tambayi kuɗin kayan wasan da ke ɗakin ba.

A ganina, wannan yarinya ba ta fi matan Kano tausayi ko iya riƙon yaro ba, domin a Gwale ta tashi, da goyon ƙanne a bayanta kamar kowace 'ya mace ta zamaninta. Abin da ya ba ta nasara a karon farko shi ne tun ranar da ta yi rajista ta san abin da za a auna ta da shi, kamar ɗalibin da aka ba manhaja tun farkon shekara, sai ta mayar da waɗannan ƙa'idoji ɗabi'arta ta kullum, ranar bincike kuma ta yi abin da ta saba yi. Ita kuwa mai reno a Ɗorayi ko Sharaɗa, wadda na sani da yawa irinta masu tsoron Allah ne, babu wanda ya taɓa zuwa ya gaya mata yara nawa ya kamata ta karɓa, ko ya nuna mata yadda ake kifa jariri a kan hannu a bubbuga bayansa idan abinci ya sarƙe shi. Idan ta yi daidai babu mai shaida mata, idan ta yi kuskure kuma sai bayan an yi asara ake ji.

Ba wai ba mu da dokoki a rubuce ba ne. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ambaci kula da ƙananan yara kafin firamare, a 2007 gwamnatin tarayya ta fitar da manufa ta musamman a kan rainon ƙuruciya, Jihar Kano tana da hukumar kula da makarantu masu zaman kansu, kuma a 2023 aka sa hannu a dokar kare yara ta jiha. Sai dai duk waɗannan sun fi karkata ga makarantar da ke da allo a bakin titi da yunifom, alhali ɗakin da ke cikin lungu, inda jarirai ke kwance a jere kan katifa ɗaya, ya faɗa tsakanin Ma'aikatar Ilimi da Ma'aikatar Mata da ta Lafiya. Ba mu manta da Hanifa ba, yarinya 'yar shekara 5 da mai makarantarsu ya sace a Disambar 2021 ya kashe, abin da ya sa gwamnatin jiha ta janye lasisin makarantu masu zaman kansu a farkon 2022 domin a sake tantance su, kotu kuma ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Hanifa tana iya magana, tana kuma zuwa wurin da hukuma ta san da zamansa. Jaririn wata huɗu ba ya iya gaya wa uwarsa komai idan ta dawo da yamma.

Idan za a aiko sufeto gidan reno a Kano, abubuwan da zai duba namu ne na nan gida, kuma yawancinsu ba sa cin kuɗi. Ya duba ko rijiyar tsakar gida tana da murfi mai kulle, ko ana barin bokiti da baho cike da ruwa inda mai rarrafe zai kai, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka jariri. Ya duba inda janareta yake da inda hayaƙinsa ke bi, da inda aka ajiye tukunyar gas, da ko ana zuba kalanzir ko fiya-fiya a robar lemo. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano, ya shiga ɗakin da tsakar rana ya ji ko iska na ratsawa. Ya nemi ganin katin rigakafin kowane yaro, musamman da yake mun ga yadda cutar mashaƙo ta yi ɓarna a jihar nan a 2023, ya kuma tambayi mai renon ko ta iya haɗa ruwan gishiri da sukari idan gudawa ta kama yaro. Ya tambayi wa aka yarda ya zo ɗaukar yaro, da abin da ake yi idan baƙon fuska ya zo ya ce uwar ce ta aiko shi. Akwai kuma abubuwa biyu da iyaye mata ke raɗawa a tsakaninsu amma ba a fiye faɗa a fili ba. Na farko shi ne ɗura wa yara maganin mura mai sa barci domin a samu sararin yin aikin gida. Na biyu shi ne gidajen da matar da ta karɓi kuɗin ba ita ke renon ba, sai wata 'yar aiki da aka kawo daga ƙauye, wadda ita kanta ba ta wuce shekara goma sha biyu ba kuma a aji ya kamata a same ta. Sufeton da ya tsaya a zaure ya sa hannu a takarda ba zai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, sai wanda ya shiga ya zauna har yaran suka farka.

Ba ina kira a kwaso tsarin Ingila ɗungurungum ba ne, domin su ma suna kuka da shi. Yawan masu reno a gida ya ragu ƙwarai a can cikin shekarun nan, kuma nauyin ƙa'idoji da fargabar bincike suna cikin dalilan da masu barin sana'ar ke bayarwa. A Janairun 2023 wata shugabar makarantar firamare a garin Reading mai suna Ruth Perry ta kashe kanta bayan Ofsted ta sanar da ita cewa za a sauke makarantarta daga mataki na sama zuwa na ƙasa, kuma ce-ce-ku-cen da ya biyo baya na cikin abin da ya kai ga daina taƙaita hukunci a kalma ɗaya, aka koma ba da rahoto fanni-fanni. Mu kuma namu haɗarin daban ne, kowa ya san shi: da zarar an ce rajista, sai ta rikiɗe ta zama haraji, a riƙa aiko masu rasit maimakon masu ilimin yara. Bazawarar da ke riƙe yara huɗu don ta ciyar da marayunta, idan aka ɗora mata kuɗin da ya fi ƙarfinta, rufe ƙofa za ta yi ta ci gaba a ɓoye, a nan kuwa yaran sun fi shiga haɗari. A Ingila kuɗin rajistar mai renon ƙananan yara a gida fam 35 ne a shekara, wanda bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da take samu, kuma hakan ya nuna cewa ba kuɗin shiga ake nema da ita ba.

Roƙona ga Ma'aikatar Mata da Ma'aikatar Ilimi ta jiha shi ne su zauna su fitar da ƙa'idoji da ba su wuce shafi ɗaya ko biyu ba, a rubuta su da Hausa, boko da ajami, a karanta su a gidajen rediyo a shirye-shiryen mata. A yi rajistar kyauta ta hannun masu unguwanni, tun da su ne suka san gidan da ake shiga da yara kowace safiya. Makarantun koyon jinya da ungozoma da ƙungiyar Red Cross za su iya ba da horon agajin gaggawa na kwana biyu, waɗanda suka karanci ilimin ƙananan yara a kwalejojin ilimi suke zaune babu aiki kuma su ne suka dace da aikin dubawa, mata a cikinsu musamman, domin su ne za su shiga gidan aure ba tare da wata matsala ba. Ziyarar farko ta zama ta nuni da gyara, a ba da wa'adi, ta biyu ce za ta zama ta hukunci, wadda ta cika sharuɗɗa kuma a ba ta takardar shaida mai kwanan wata da za ta liƙa inda iyaye za su gani.

Ku kuma, Malam Edita, ina roƙon ku tura wakilinku ya tambayi waɗannan ma'aikatu a rubuce wacce daga cikinsu ke da alhakin gidajen reno na cikin unguwanni, da adadin waɗanda ta taɓa shiga ta duba, sannan ku buga mana amsar da kowacce ta bayar.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar shugabar makarantar firamare,
Tarauni, Kano.