Wasiƙa daga Fatakwal: Turken Jirgi a Tsakiyar Teku

Fatakwal,
daren Alhamis.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Yaya Damagaram, yaya zafi, yaya ɗalibai? Saƙonka ya iske ni ina kan ruwa, sai shekaranjiya jirgi mai saukar ungulu ya dawo da mu tudu, shi ya sa amsa ta yi jinkiri. Na ga tambayar da ka ce yaran ajinka sun ƙure ka da ita: wai ta yaya jirgi zai zauna wuri ɗaya a tsakiyar teku shekara 20, ba gaɓa ba tudu, kuma iska ba ta tafi da shi ba? Wallahi na ji daɗin tambayar nan. Ita ce abincina, amma ba kasafai ake yi mini ita ba.

Abu na farko da za ka gaya musu: ba tsayawa yake cak ba, kuma ba ma so ya tsaya cak. Ka tuna yadda muke ɗaure sa a turke da damina. In ka taƙaita masa igiya, fizga ɗaya zai yi, ko ta tsinke ko turken ya tuge. In ka sakar masa da yawa, sai ka tsince shi a gonar maƙwabci. To mu gonar maƙwabcinmu ita ce bututan da suke ɗauko mai daga ƙasan teku zuwa cikin jirgin. Jirgin yana da izinin ya ɗan yi yawo na wasu mitoci, amma in ya zarce iyaka, bututan nan za su lanƙwashe ko su yage, mai ya malala. Duk lissafin da muke kwana a kansa, neman tsakiyar nan ne.

Ɗauki Bonga misali, wata mahaƙar mai ce a cikin teku, tunda ita kowa ya fi ji. Tana nesa da gaɓar Najeriya da kimanin kilomita 120, zurfin ruwan wurin ya wuce mita 1,000, kuma tun 2005 take fitar da mai. Jirgin da ke can irin wanda ake kira FPSO ne: shi ne masana'anta, shi ne rumbu, cikinsa na ɗaukar ganga miliyan 2. Egina, wata mahaƙar man Najeriya da ta fara aiki a ƙarshen 2018, ta fi ta zurfin ruwa, tsawon jirginta mita 330. Irin waɗannan ana ɗaure su ne ta kusurwa huɗu, kowace kusurwa da tarin ɗauri. Kowane ɗauri kuma kashi uku ne: sarƙa a sama, doguwar igiyar ƙarfe a tsakiya don rage nauyi, sai wata sarƙar a ƙasa. Kada ka kawo sarƙar ƙofa a ranka. Zobe ɗaya ya fi buhun masara nauyi.

Abin da har yau yake burge ni shi ne, nauyin sarƙar ne yake riƙe jirgin, ba taurinta ba. Ana barin ta ta yi lilo, ta sauka a lanƙwashe har wani sashe ya kwanta a ƙasan teku. In iska ta tura jirgin, dole ya ɗaga sarƙar da ke kwance, ita kuma nauyinta ya jawo shi a hankali ya koma mazauninsa. Inda ruwa ya yi zurfi ƙwarai nauyin ƙarfe kan fi ƙarfin jirgi, shi ya sa mutanen Brazil suka fara amfani da igiyar foliyesta a ƙarshen shekarun 1990, wadda take miƙewa ta dawo kamar roba.

Turken kuwa ba anka ba ce, wato ƙugiyar nan ta jirgi irin ta hoto. Ƙasan tekunmu taɓo ne mai laushi, don haka ake ƙera wata ƙatuwar gangar ƙarfe, faɗinta kamar mita 5, tsawonta kamar mita 20, gindinta a buɗe. A kifa ta a kan taɓon, a zuƙe ruwan cikinta da famfo, sai nauyin tekun da kansa ya danna ta ta nutse. Ba guduma, ba duka.

Ga wani abu da na san zai yi maka daɗi. A Tekun Arewa, wajen Sikotlan da Norwe, iska da taguwar ruwa kan zo ta ko'ina, don haka suke ɗaure jirgi a kan ginshiƙi guda mai juyawa, ya riƙa kewaya shi yana ba iska fuska. A Tekun Meziko, akwai jiragen da in mahaukaciyar guguwa ta taso sukan kwance ɗaurin su gudu. Mu Allah Ya sauƙaƙa mana: manyan taguwoyinmu kusan kullum daga kudu maso yamma suke zuwa, daga can ƙuryar Atlantika, sai mu juya hancin jirgi wajen mu ɗaure shi. Amma ka san me yake hana mu barci? Hadarin gabas. Shi ɗin dai da muka sani tun muna yara, wanda sama kan yi ja, kafin a kwashe shanya iska ta iso. Irinsa ne yake faɗowa teku, cikin 'yan mintoci, ya bugi jirgin ta inda bai fuskanta ba. Ranar da na fara ganinsa daga kan jirgi, gida kawai na tuna.

Duk da haka, aminina, ba babbar iska ce ta fi ba ni tsoro ba. Ita mun lissafa ta, har muna tsara ɗaurin yadda ko ɗaya ya tsinke sauran za su riƙe. Abin tsoron shi ne ɗan motsin nan na kullum. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, ai ba ƙarfi ne zai karya ta ba, naci ne. Taguwa tana yi wa sarƙa haka dare da rana, shekara da shekaru. A 2002, a mahaƙar man Girassol ta Angola, sarƙoƙin tashar lodin mai da ke shawagi suka tsinke ba su ko cika shekara ba, alhali an yi su don shekara 20. Da aka bincika, sai aka gano an ɗaure su tamau har zobban suka cije juna, maimakon su riƙa juyawa sai suka riƙa lanƙwashewa a bakin inda suke fita. Daga nan aka shigar da wannan cikin lissafi. Ga kuma tsatsa: ruwanmu da ɗumi, akwai ƙwayoyin halitta da suke zama a jikin ƙarfe su yi masa ramuka.

A wannan tafiyar na kwana uku gaban allo, ina kallon hoton da na'ura mai nutso take aiko mana, zobe bayan zobe. Sai ga wani da rami a kafaɗarsa, babban yatsa zai shige. Na rubuta a canja wannan sashen. An yi ta ja-in-ja a kan kuɗi, domin hayar jirgin da zai yi aikin ba ƙaramin abu ba ne, amma ban janye ba. Mutum sama da 100 ne suke kwana a kan jirgin nan, na san fuskokinsu, tare muke cin abinci, da wasu tare muke jam'i. Jiya aka kira ni aka ce an amince. Alhamdu lillahi.

In kana so yaran su gani da idonsu, samo doguwar sarƙa mai nauyi, ka ɗaure bakinta a gindin bishiya, ka bar rabinta kwance a ƙasa. Ka ba yaro ɗaya bakin ya riƙe daidai ƙirjinsa ya riƙa ja da baya. Zai ji tana ƙara nauyi da kowane taku, tana kiransa ya dawo. Ka rubuto mini abin da suka ce.

Ka gaishe mini da Baba da kyau, ka ce ina neman addu'a, don nan da mako uku zan koma ruwa a yi aikin nan a gabana. A shafa mini kan yara. In Allah Ya kai mu babbar Sallah, ina tafe.

Naka har kullum,
Amininka.