Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da kyamara mai ciwo, ya ɗora wa Linux laifi

Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum. Yallaɓai, bayan gaisuwa, na fito da maganar nan fili ne saboda jiya na kira layinku sau shida, yana shiga, ba wanda ya ɗauka. A kira na bakwai aka katse. Tura ta kai bango.

Ina da ƙaramin shagon hoto a Birnin Kebbi. Yawancin aikina hoton fasfo ne na ɗalibai da maniyyata, sai biki da suna a ƙarshen mako. Kwamfutar shagona tsohuwa ce, kuma Ubuntu 22.04 ke kanta, wani nau'in Linux, wato tsarin sarrafa kwamfuta na kyauta, domin ba ta da ƙarfin ɗaukar sabuwar Windows, ni kuma ba ni da niyyar amfani da manhajar sata. Da manhajar darktable nake gyaran hotuna. Abin da ya sa na nemi sabuwar kyamara shi ne in jona ta da kwamfuta ta wayar USB, ina ɗauka hoton yana fitowa a allo nan take, mai hoto ya gani ya ce ya yi ko a sake.

Ranar 14 ga Janairu, kafin in tura ko sisi, na rubuta wa mai sayarwarku ta WhatsApp cewa Linux nake amfani da shi, shin kyamarar za ta yi? Ya amsa: "Za ta yi, Alhaji, ba matsala." Saƙon yana nan a wayata. Na tura naira 685,000, na ƙara 12,000 kuɗin aikowa, na je tasha da kaina na karɓo ta. Rasit ɗinku ya ce garantin wata shida.

Na jona ta, kwamfuta ba ta nuna komai ba. Ban yi gaggawar zargin ku ba. Na san kyamarori suna magana da kwamfuta ta hanya biyu: ko su fito kamar filash, ko su yi amfani da tsarin tura hotuna mai suna PTP, wanda a Linux manhajar gPhoto2 ke kula da shi. Na shiga saitin kyamarar na zaɓi PTP. Na duba jerin kyamarorin da gPhoto2 ke ɗauka, samfurin nan yana ciki. Na kira wani ƙanena ɗalibin kimiyyar kwamfuta, ya buga lsusb, umarnin da ke lissafo duk abin da aka jona ta USB, kyamarar ba ta fito ba sam. Shi ya gano cewa wayar da kuka sako a kwalin ta caji ce kawai, ba ta ɗaukar bayanai. Na sayi wata 3,500. Da muka jona da sabuwar wayar, kyamarar ta bayyana, gPhoto2 ta kira sunanta daidai, amma bayan 'yan daƙiƙu ta ɓace. Ta dawo, ta sake ɓacewa. Ƙanen nawa ya buɗe dmesg, umarnin da ke nuna rahoton abin da ke faruwa a cikin kwamfuta, muka ga layi bayan layi na haɗuwa da yankewa, kuma ko ɗan taɓa bakin wayar aka yi a jikin kyamarar sai ta yanke. Muka kai ta shagon wani abokina mai Windows, abin da ta yi a nan shi ta yi a can. Ramin USB na kyamarar ne ya lalace, kuma a haka ta iso hannuna.

Duk wannan na rubuta muku, da hotunan allo da bidiyo. Cikin Fabrairu na kira ban san sau nawa ba. Wannan ya ce injiniya ya fita, wancan ya ce oga ya yi tafiya, wata ta ce in sake turo rasit, na turo har sau uku.

Sai ranar Talata 4 ga Maris, ƙarfe 11:20 na safe, da azumi a bakina, aka haɗa ni da wanda aka ce shi ne shugaban sashen gyara. Mun yi minti tara. Na fara bayanin gwajin da muka yi a Windows, bai bar ni na kai ƙarshe ba. Ya ce: "Malam, garantinmu bai shafi Linux ba. Wanda ya iya sayen kyamarar dubu ɗari shida ya sayi kwamfutar kirki mana, ya daina fama da kayan kyauta." Na ce ya nuna mini inda aka rubuta haka a rasit. Ya ce: "Ku mutanen can wajen haka kuke, ku lalata abu ku ce kamfani ne." Ya ajiye waya.

Yallaɓai, wane "can wajen"? Lokacin da kuɗina ya shiga asusunku, Kebbi ba ta yi muku nisa ba. Kayan kyautar da ma'aikacinku ya raina kuwa, a kan tushen Linux aka gina Android ɗin da ke cikin wayoyin yawancin ma'aikatanku. Linux ɗin ne kuma ya nuna mana ainihin ciwon kyamarar, aikin da injiniyanku ya kamata ya yi tun a Janairu.

Yanzu sai na ciro katin ajiya na sa a na'urar karanta kati, wadda ita ma na saya 4,000. Ubuntu na karanta katin lafiya lau. Amma a ranar da ɗalibai talatin suka yi layi, cire kati da mayarwa ga kowane mutum ɓata lokaci ne, wasu kan gaji su wuce shagon gaba. Dalilin sayen kyamarar gaba ɗaya ya tashi a banza.

Ina neman ku karɓi kayanku ku ba ni wata mai lafiya da wayarta ta gaskiya, ko ku dawo mini da 697,000 cif, kuɗin mayarwa kuma a kanku. Ina neman a ba ni haƙuri a rubuce kan maganar ranar 4 ga Maris. Sannan ku daina cewa "za ta yi" ga duk wanda ya tambaya alhali ba ku gwada ba. Na fara zargin cewa da gangan kuke tura kayan da aka dawo muku da su zuwa garuruwa masu nisa, inda kuka san mai saye ba zai iya zuwa ya tsaya a ƙofar shagonku ba, in ya yi kuka ku nemi abin fakewa. Ni Linux kuka samu, wani za ku ce wutar lantarkin garinsu ce ko ƙura.

Na ba ku kwana goma sha huɗu. Bayan haka zan kai rasit, saƙonnin WhatsApp da bidiyon gwajin gaban hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC.

Wassalam,
Mai shagon hoto, Birnin Kebbi.