Katakon kirki ya bi kwantena, an bar mana ɗanye

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ɗan sam mini fili a jaridarmu in amayar da abin da ke cina.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina kafinta a Sabon Garin Zariya. Da damanar bara wani dattijo daga Tudun Wada ya ba ni aikin ƙofofi huɗu na madaci, zai aurar da ɗansa. Da hannuna na zaɓo katakon, amma zarto na shiga na ga garin yana dunƙulewa kamar jiƙaƙƙiyar dusa. Ɗanye ne shar. Biki ya matso, na rufe ido na haɗa. Hunturu na busawa biyu suka tsage, ɗaya ta murɗe har sakata ta ƙi shiga. Ni na sha kunya, ni na biya.

Da na koma wurin mai katakon, dariya ya yi. Ya ce, "Maigida, busasshen ai ba ya hawowa nan, Legas yake yi." Kuma bai yi ƙarya ba. Baturen da ke sayen falanki ba ya karɓa sai an busar da shi a ɗakin zafi, an auna danshinsa, an ware mai ido da mai tsaga gefe guda, sannan ya biya da dala. Wanda aka ware ɗin nan shi ake loda wa tirela a kawo mana, mu saya da tsada kuma mu yi godiya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne madobiya, wadda 'yan katakon Taraba ke kira madrid. Itacen da Fulani ke sassabo wa shanu ganyensa da rani, shi aka bi aka kwashe a dazukan Bali da Gashaka ana kai wa ƙasar Sin, inda ake jajayen kujeru da gadaje na masu hannu da shuni. Yawancinsa ma ba a tsaga shi ba. Sai a daddatse gungume ta fuska huɗu ya yi kusurwa, a cusa a kwantena da sunan katako. A 2017 aka sa shi cikin itatuwan da CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu, ke sa wa ido, a 2018 aka dakatar da cinikinsa daga Nijeriya. Kafin nan an riga an yi ɓarna. Yanzu madaci da kawo su ma sun shiga jerin tun 2023.

Ba na cewa a daina sayar wa waje, kasuwa ce. Amma Gabon ta hana fitar da gungume tun 2010, ta ce duk mai so ya zo ya kafa injin tsagawa a ƙasarta, yaranta su sami aiki. Mu da muke da garin Sapele, wanda har wani katako da duniya ta sani ke amsa sunansa, me ya hana mu?

Roƙona ga gwamnatin Kaduna da ƙungiyarmu ta masu katako bai da yawa: a haɗa hannu a gina ɗakin busar da katako ko da guda ɗaya ne a Zariya. Zan biya kuɗin busarwa a kan kowane falanki. Ya fi mini sauƙi da in sake zuwa Tudun Wada ina ba dattijo haƙuri.

Naku,
Wani kafinta,
Sabon Gari, Zariya.