Majalisar Dattawan Birtaniya: kujerun gado ba su ne babbar matsalar ba

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan gyaran Majalisar Dattawan Birtaniya, wanda ya sake tasowa tun da gwamnatin Keir Starmer ta gabatar da ƙudirin soke kujerun gado a watan Satumban 2024.

Soke su ba ni da ja a kai. A 1999 gwamnatin Tony Blair ta sallami ɗaruruwan masu zama don sun gaji sarauta, aka bar 92 wai na wucin gadi, wucin gadin ya kai shekara 25. A da, in ɗaya ya rasu, galibi takwarorinsa masu sarautar gado ne ke zaɓen magajin kujerar, har aka dakatar da wannan zaɓe a 2024. A 2016 an yi irin wannan zaɓe, 'yan takara bakwai, masu kaɗa ƙuri'a uku kacal, Viscount Thurso ya lashe. Kuma tun da Countess of Mar ta yi murabus a 2020, ba a sake samun mace ko ɗaya a cikinsu ba.

Kujerun limaman coci sun fi sarƙaƙiya, kuma ƙudirin bai taɓa su ba. Bishop-bishop 26 na Cocin Ingila ne ke zama saboda muƙaminsu, ciki har da na Canterbury da na York. Na san abin da masu kare su ke cewa: sukan yi magana kan talauci da 'yan gudun hijira a lokacin da 'yan siyasa suka yi gum. Gaskiya ne. To amma cocin nan na Ingila ne kaɗai, alhali suna jefa ƙuri'a kan dokokin da suka shafi Scotland da Wales da Ireland ta Arewa. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 46 cikin ɗari ne suka ce su Kiristoci ne a Ingila da Wales, kuma ba dukansu ne 'yan wannan coci ba. Babban malamin Yahudawa Jonathan Sacks ya shiga majalisar a 2009, amma don cancantar kansa aka naɗa shi, ba a ware wa addininsa kujera ba. Me zai hana bishop ya biyo ta wannan ƙofa?

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne naɗi. Tun dokar 1958, firaminista na iya sa a ba mutum kujera har ƙarshen rayuwarsa, kuma babu doka da ta ƙayyade masa adadi. Shi ya sa majalisar ta kumbura ta kai wajen mutum 800, ta fi ta wakilai mai kujera 650 da jama'a suka zaɓa. Akwai hukumar tantancewa da aka kafa a 2000, amma shawara kawai take bayarwa. A 2020 Boris Johnson ya yi fatali da shawararta ya naɗa Peter Cruddas, tsohon ma'ajin jam'iyyarsa. Liz Truss, wadda ba ta cika wata biyu a mulki ba, ta bar mutum uku a ciki. In aka kori masu gado aka bar wannan ƙofa a buɗe, an ƙara wa firaminista ƙarfi ne kawai, domin kusan kowa a zauren zai zama wanda wani shugaban jam'iyya ya ɗauko.

Wani zai ce a mayar da ita ta zaɓe mana. An gwada a 2012 ƙarƙashin Nick Clegg, mataimakin firaminista na lokacin, ƙudirin ya mutu a majalisar wakilai. Ni ma ina da shakku, domin dokokin 1911 da 1949 sun hana dattawan komai sai jinkirta doka na kimanin shekara guda, kuma sun haƙura da hakan ne don sun san ba wanda ya zaɓe su. Zaɓaɓɓu ba za su haƙura ba. Na fi gamsuwa da shawarar kwamitin Lord Burns na 2017: kada a wuce mutum 600, kowa ya yi shekara 15 ya sauka. Ni zan ƙara da cewa hukuncin hukumar tantancewa ya zama tilas.

Maganar ba ta yi mana nisa ba. Mu ma mun yi Majalisar Sarakuna a Kaduna har juyin mulkin 1966, kuma yau ana ta kiran a ba sarakuna gurbi a tsarin mulki. Masu wannan kira su fara amsa mana wa ke naɗa sarki, wa ke tuɓe shi. Abin da ya faru a Kano a 2020 da 2024 ya nuna amsar tana hannun gwamna. Ina roƙon ku gayyato masana shari'a su tattauna wannan a filinku.

Naka,
Mai sauraro daga Kaduna