A daina ɓamɓare takardar gindin tsohon tangaran

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni fili in ja hankalin 'yan'uwanmu masu sana'ar kayan tarihi a nan Legas, daga Agege har Lekki, kan ɓarnar da ake yi wa tsohon tangaran na Sin, mai fari da shuɗi, da sunan gyara shi kafin mai saye ya zo.

Yawancinsa a garin Jingdezhen aka yi shi. Da hannu ake zana shuɗin, a shafe da ruwan ƙyalli, a gasa a wutar da ta kai wajen digiri 1,300, shi ya sa zanen ba ya koɗewa. Ya daɗe yana bin fatake. A gaɓar Kenya har a jikin kaburbura aka liƙa shi, a 1604 kuma aka yi gwanjon wanda aka ƙwace daga jirgin Fotugal mai suna Santa Catarina a Amstadam.

Mai saye na gaske hannayen da faranti ya bi yake nema. Rubutun Sinanci na gindi bai isa hujja ba, don a zamanin Sarki Kangxi, 1662 zuwa 1722, sau da yawa sunan Sarki Chenghua na ƙarni na 15 ake rubutawa. Hujjar ita ce 'yar takardar nan mai datti da masu gwanjo ko masu kayan na baya suka manna a gindi, wadda ake kankarewa da farce! Jirgin ruwan Holand mai suna Geldermalsen ya nutse a 1752, aka tsamo tangaran wajen 150,000, kamfanin Christie's ya yi gwanjonsu a 1986 da takarda manne a gindi. Ranar da ta fita, farantin ya rasa shaidarsa. Haka lambobin da aka karce a gindin kayan Sarki Augustus na Dresden a Jamus, su ma shaida ce.

In wanki ya zama dole, a shimfiɗa tawul a cikin baho na roba, a sa ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu kaɗan, a goge da tsumma mai laushi, ruwa kada ya taɓa takardar. Ban da bilic: yana shiga tsaga, ya bushe ya bar gishiri, gishirin ya ɗaga ƙyallin. Ban da sufa gulu, don cire shi sai da wahala. Wanda aka ɗinke da ƙananan ƙarafa tsohon gyara ne, a bar shi, kuma kada a jiƙa shi, tsatsa za ta ɓata farin. Ɓantare-ɓantaren bakin farantin zamanin Sarki Wanli na Sin, kamar cin asu, halinsa ne. Masu goge shi da sanfefa suna ƙona min rai.

Laimar Legas na cin takarda, saboda haka a ɗauki hoton gindi tun ranar saye. A rubuta faɗin farantin, da wurin wanda aka saya, da kwanan wata, a ajiye tare da rasit. In daga jeren ɗakin kaka ya fito, a tambayi tsofaffin gida wa ya kawo shi, daga ina, tun suna da rai.

Wassalam.
Naka mai karatu,
daga Agege, Legas